Kwana Uku Bayan Allurar Baba

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Yanzu na dawo daga Gwarzo. Ko hijabi ban cire ba na jawo littafin nan, don in ban zazzage a takarda ba, wallahi a kan mutum zan zazzage.

Idon Baba ya koma ruwan ɗorawa, har tafin hannunsa. Susa yake yi ba ji ba gani, duk ya yayyage ƙwaurinsa. Sati uku ke nan, kuma ba wanda ya ga damar gaya mini. Ni da nake nan Kabo, tafiyar da ba ta kai awa guda ba! Sai da matar Yaya Dalhatu ta yi suɓutar baki a waya.

Gwaggo Marka, yayar Baba, ta tare a gidan ta kafa mulki. Jiƙon rawaya safe da yamma. Ba mai, ba nama. Mutumin da ya shekara arba'in yana fawa a kasuwar Gwarzo, yau shi ake turo wa tuwo da miya lami. Ya dube ni ya ce, "Malama, kin ga Yaya ta mai da ni akuya."

Na ce a kai shi asibiti. Gwaggo ko kallona ba ta yi ba. Bango ta gaya wa. "Mai shawara ba a yi masa allura. A gidan nan an gani."

Na san abin da aka gani. Ba zan rubuta shi ba.

Talata, 8 ga Oktoba, lokacin tara

'Yan aji huɗu sun sha faɗa yau ba laifin tsaye ba na zaune. Allah ya yafe mini.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan azahar

Na ci ɗaya!

Na sauka Gwarzo da sassafe, na samu Gwaggo tana tace jiƙonta. Na durƙusa na gaishe ta har da tambayar ƙafarta, sannan na ce, "Gwaggo, hoto kawai za a ɗauka. Hoto allura ne?" Ta juya ta ta juya, ba ta samu inda za ta kama ba. Kafin ta samo, na sa Baba a adaidaita.

A asibiti suka ce sai an ɗebi jini. Sai na ga allura a hannun ma'aikacin. Baba da kansa ya yanke hukunci. "Wannan cirewa ce, ba sawa ba ce. Ɗebi, yaro." Har na yi dariya ban shirya ba.

Mai hoton ya shafa masa wani abu mai sanyi a ciki yana ta goga na'ura. Ya fara yi mana bayanin maɗaciya, wai wata 'yar jaka ce a jikin hanta. Baba ya katse shi. "Ɗana, ni za ka koya wa maɗaciya? Na cire ta ta fi gashin kanka yawa. In ta fashe a nama, ranar ka yi asara."

Abin da aka gani shi ne hanyar da ruwan maɗaciya ke bi ya sauka hanji ta kumbura. Wani abu ya toshe ta daga ƙasa, shi ya sa ruwan ke komawa jini. Likitan ya ce nan ba su da abin da za su gane ko mene ne. Ya ce akwai wata likita a Kano mai shiga ta baki da wata doguwar roba mai ido a kanta, ta bi har hanyar ta gani, in abin cirewa ne ta cire, ba tare da an tsaga ciki ba.

Akwai tambayar da ya kamata in yi masa. Ban yi ba. Da gangan.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Baban Jannat ya ce in tafi, zai ji da yara. Allah ya saka wa mutumin nan.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

An yi zaman gida bayan saukowa daga masallaci. Baba a kan tabarma yana susa, Yaya Dalhatu a bakin ƙofa da hularsa a gwiwa, Gwaggo a kan kujerarta 'yar tsugunno kamar alƙali.

Na yi bayani iya bayani. Ta baki ake shiga. Ba wuƙa, ba ɗinki. Yaya ya ce, "Ta baki har maɗaciya? Badi'a, ni ma fa mahauci ne, na san nisan wurin." Na ce to ka zo ka gani mana. Ya ce kasuwa.

Sai Gwaggo ta yi tambayar. "Allura fa?"

Na ce babu.

"Ɗaga murya, yayanki ya ji."

Na ɗaga. Na ce babu allura.

Baba ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce a haɗa masa kaya, har da buzunsa.

Na ci biyu. Amma wannan cin bai yi mini daɗi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan azahar, Kano

Mun iso da wuri. An sa Baba cikin wata ƙatuwar na'ura mai rami, tana ta ƙara. Da ya fito ya ce sai ka ce injin niƙan bayan gidanmu.

Dakta Asiya ce likitar. 'Yar siririya, ba ta kai ni jiki ba, maganarta a hankali. Ta gaishe da Baba da "sannu da ƙoƙari, Baba" har ƙasa, nan take ya sake da ita. Ta taɓa goshinsa ta ce zazzaɓi ya fara, ruwan da ya tsaya ya fara ɓaci, yau za a kwantar da shi.

Ta ja ni gefe ta nuna mini hoton. Akwai wani abu a kwance cikin hanyar. Ta ce bai yi kama da tsakuwa ba. Zai iya zama tsiro. Ta kira sunan ciwon da take tsoro, wannan da ba a son ambata, mai cin mutum a hankali. Ta ce ba za ta rantse ba sai ta shiga ta gani da idonta ranar Alhamis.

Sannan ta ce za a sa masa allura a bayan hannu yau, ta nan za a riƙa ba shi maganin zazzaɓin, ta nan kuma za a sa shi barci ranar aikin.

Ni Badi'a na roƙi matar nan. Na ce ta bari sai ya yi barci a sa. Na ce ta ce masa ɗiban jini ne. Ta ce, "Malama, ba na yi wa mara lafiya abin da bai sani ba." Raina ya ɓaci, na ce ke ba ki san gidanmu ba! Ta ce, "Gaskiya ne. Amma jikinsa ne. Ki ba ni wuri in yi magana da shi."

Suka rufe ƙofa. Na ƙirga tayil ɗin baranda har na gaji. Sun fi rabin awa.

Litinin ɗin dai, ƙarfe biyar da kwata

An sa. Shi ya miƙa hannun da kansa. Bai kalle ni ba.

Ƙarfe shida

Yana numfashi.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan sallar asuba

Yana numfashi. Kwana ɗaya.

To, bari in rubuta, tunda ba mai karantawa. Shekara goma sha biyar ke nan. Ina da sha takwas, na gama sakandare, ina jin kaina ni 'yar boko ce. Inna ta yi sati biyu da shawara, ta daina ci, ta fara magana ba kan gado. Baba ya tafi sayen dabbobi, Gwaggo ta tafi suna. Ni na je na kira mai kemis na bakin titi. Ni na riƙe mata hannu ya yi mata allura. Kwana uku ta rasu.

Ba wanda ya taɓa ce mini ke ce. Ba a faɗa ba, ko sau ɗaya. Amma in ana maganar Inna na shigo, sai a koma maganar farashin gero. Gwaggo kuwa tun daga ranar ba ta ƙara kirana da sunan Inna, 'yar Uwaliya, ba.

Shi ke nan. Na rubuta.

Talata, bayan la'asar

Yaya ya kira. Na ce ana ba shi magani. Ai ba ƙarya na yi ba.

Baba yana magana da kowa ban da ni. Ya san sunan duk wanda ke ɗakin, ya san garinsu, har ya gaya wa wani tsoho ɗan Bichi cewa ɗansa ba ya iya zaɓen nama. Ni kuwa "miƙo buta", "ɗaga filo". Ko Malamar da yake tsokanata da ita ya daina.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Kwana biyu. Zazzaɓi ya sauka! Nas ta duba sau biyu don na ce ban yarda ba.

An yi masa allura shida zuwa yanzu ta wannan 'yar robar ta hannunsa. Shida! Ina ƙirgawa. Mutumin yana zaune daram yana shaƙar ƙamshin tsiren bakin get yana cewa mai tsiren ya cika ƙuli.

Laraba, kafin magariba

Gobe ne na uku. Gobe ne kuma aikin. Wa ya haɗa su rana ɗaya, don Allah?

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Ba ci ba sha tun jiya. Sun zo da gadon turawa. Ya ba ni carbinsa da hularsa. A bakin ƙofar ɗakin aikin ya ce, "Badi'a." Na ce na'am. Ya ce, "Ki ci abinci." Shi ke nan abin da ya ce.

Ban ci ba.

Alhamis, bayan la'asar

Allahu Akbar! Allahu Akbar!

Ba daji ba ne. Yau zan iya rubuta sunan da manyan baƙi: BA CIWON DAJI BA NE!

Awa ɗaya da 'yan mintuna aka leƙo aka ce ina mai jinyar Alhaji Maikuɗi. Na shiga na samu Dakta Asiya ta sauke takunkumin fuskarta tana murmushi, ma'aikata uku sun taru a kan talabijin ɗin aikin kamar masu kallon ƙwallo. Baba na gefe a kwance, yana minshari abinsa.

Ta ce, "Zo ki ga abin da ban taɓa gani da idona ba sai a littafi."

Ta mayar da hoton baya. Na ga cikin Baba, ja-ja, yana sheƙi. Na ga wani ɗan tudu mai ƙaramin baki, ta ce nan ne ƙofar hanyar maɗaciya. Ta tura wata siririyar waya ta ɗan buɗe bakin. Ta zura wani ɗan balan-balan ya wuce ciki, ta hura shi, ta jawo a hankali. Sai ga baƙin ruwa ya ɓalle. A bayansa wani abu ya leƙo, mai faɗi, launin hanta, kamar ganyen darbejiya. Na ce tsiron ke nan? Sai abin ya motsa. Ya naɗe ya miƙe!

Na ƙwalla salati har nas ta riƙe ni.

Uku ta fitar. Uku, da ransu! Tsutsar hanta ce, ta ce, irin ta shanu da tumaki, ba kasafai take kama mutum ba, kuma a hoto takan yi kama da mugun tsiro. Su suka cunkushe hanyar. Yanzu ruwa na wucewa, na gani da idona yana gangarowa.

Na durƙusa a wurin zan gode mata, ta ɗago ni ta ce, "Haba Malama, tashi, ƙasan nan ba tsabta."

Alhamis, kafin magariba

Ya farka. Abin da ya fara cewa, "An fasa ne?" Na ce an gama, Baba. Ya shafa cikinsa ya nemi ɗinki bai samu ba. Ya shafa ya sake shafawa.

Dakta ta zo da su a 'yar kwalba. Baba ya karɓa ya ɗaga wajen taga, ya ƙanƙance ido. Sai ya ce, "Kai! Kai! Ke ce?"

Dakta ta ce, "Baba, ka san ta?"

"Na san ta? 'Yata, shekara arba'in ina tsaga hantar saniya ina samun 'yar banzan nan a kwance cikin jijiya. In na gan ta sai in yanke wurin in jefa wa karnuka. Ashe tana nan tana haƙona!"

Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har tsohon Bichi da ƙyar yake numfashi. Baba ya ce lallai a wajen nama ya ɗauka. Dakta ta ce a'a, ba ta dafaffen nama take shiga ba. Ta ruwan tafkin da dabbobi ke sha ne, da ɗanyen ganyen bakin ruwa. Can Baba ya ce akwai wani tafki bayan Gammo, inda yake tsayawa in ya je ruga ganin shanu. Ya yi alwala, ya sha, ya tsinki ciyawa yana tauna ana ciniki. Tun yana saurayi.

Rana ta kusa faɗuwa. Kwana uku sun cika. Yana numfashi, har yana zagin tsutsa.

Na sayi shinkafa da wake a bakin get na cinye tas, na ƙara da rake.

Juma'a, 18 ga Oktoba, da hantsi

Na yi saurin murna.

Ciki ya murɗe masa tun asuba, ciwon har gadon baya. Ya yi amai sau biyu. Dakta ta ce ta gaya mana tun farko hakan kan faru, ni ce ban ji ba. Akwai wani naman ciki a bayan tumbi da ke zuba ruwansa ta ƙofa ɗaya da maɗaciya, in aka taɓa ƙofar wani lokaci sai ya yi fushi ya kumbura. Ta ce nasa kaɗan ne. A dakata da abinci, a ƙara masa ruwa ta hannu, a jira.

A jira. Kullum a jira.

Juma'a, bayan la'asar

Yaya Dalhatu ya zo ba sanarwa. Ya shigo da sallama da ledar lemo, ya ga Baba a dunƙule yana nishi, ya ga ledar ƙarin ruwa a rataye, ya bi igiyar da ido har bayan hannun Baba.

Bai yi ihu ba. Da ma ya yi. Ya ajiye lemon a hankali ya ce in fito.

A baranda ya ce, "Sau biyu ke nan, Badi'a."

Shekara goma sha biyar ina jiran wani ya faɗa. Ashe in an faɗa ma ba a mutuwa. Na ce, "Yaya, yau kwanansa huɗu da allura. Ka shiga ka ƙirga numfashinsa, ni na gaji da ƙirgawa." Na juya na bar shi a tsaye.

Na shiga banɗakin mata na yi kukan da ban yi ba ranar Inna.

Asabar, 19 ga Oktoba, da safe

Ciwon ya ragu. Yaya bai tafi ba, a masallacin asibiti ya kwana. Ba ma magana.

Asabar, bayan azahar

Ya ragu sosai. Ya yi barci. Bai yi susa ba tun safe, na zauna ina kallon hannunsa a ajiye.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Abin da zan rubuta yau ba na littafin mace mai aji ba ne, amma oho. Bayan gidan Baba ya dawo da launinsa! Wata guda yana fita fari kamar farar ƙasa. Yau Baba ya fito daga banɗaki yana jan sandar ledar ruwansa, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya sanar wa jama'a. Aka yi ta barka kamar an yi haihuwa. Nas ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ɗaki irin wannan ba.

Na nuna wa Yaya hoton aikin, Dakta ta tura mini a waya. Na miƙa masa wayar kawai. Ya kalla. Da tsutsar ta motsa sai ya yi baya ya ce, "La'ilaha illallahu! Wannan ai ta hanta ce!" Ya kalla sau biyar. Ya ce, "Ta baki aka bi har can?" Na ce ai ka san nisan wurin.

Bai ba ni haƙuri ba, Yaya ba ya iyawa. Ya fita ya dawo da gasasshiyar kaza ya ajiye a gabana, ya ce shi ya duba ta da kansa kafin a gasa.

Na cinye. Ban ba shi ko fiffike ba.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan azahar

Kunu jiya, tuwo yau. Farin idonsa ya fara dawowa daga gefe-gefe. An samo maganin da zai kashe sauran tsutsar da ido bai kai ba, ƙwayoyi ne na haɗiya, da ƙyar aka same shi. Baba ya roƙi a ba shi kwalbar ya kai wa abokan sana'a. Dakta ta ce an kai ɗakin gwaji, sai dai hoto. Ya ce hoton ma ya isa, zai sa Sarkin Fawa ya tara mutane.

Ya tambaye ta nama. Ta ce kaɗan-kaɗan, mara kitse. Ya ce, "Ki rubuta a takarda, ki buga hatimi. Akwai wadda zan nuna wa."

Ta rubuta kuwa, har da hatimin.

Laraba, 23 ga Oktoba, da yamma, Kabo

An sallame mu! An zare robar hannun, ta bar ɗan baƙin tabo. Allura goma sha tara na ƙirga, ban da ruwa.

Mun tsaya nan gidana ya kwana biyu ya huta. Jannat ta ce Kaka ya wanke idonsa.

Yaya ya wuce Gwarzo. Ya ce bai gaya wa Gwaggo komai ba, kuma ba zai gaya mata ba. "Ke kika ɗaga murya, ke za ki sauke."

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan la'asar, Gwarzo

Gida ya cika tun kafin mu iso. Mahauta, maƙwabta, mutanen Kutama dangin Inna. Baba ya sauka daga mota da ƙafarsa, ya ƙi a riƙe shi. Wayata ta zaga hannu ya fi talatin, kowa sai ya ga tsutsa ta motsa ya yi salati. Wani tsoho ya ce shi daga yau ko alwala ba zai ƙara yi a tafki ba.

Sai da aka watse muka shiga wajen Gwaggo. Tana kan kujerarta. Ta kama fuskar Baba da hannu biyu kamar yaro, ta ja fatar idonsa ƙasa ta duba, ta duba ɗayan. Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta kama hannunsa za ta sa albarka, sai yatsanta ya tsaya a kan tabon.

Na buɗe baki. Na shirya maganata tun daga Kabo, na maimaita ta a mota. Baba ya riga ni.

"Allura ce, Yaya. Goma sha tara. Malama ta ƙirga, ni ma na ƙirga."

Gwaggo ta saki hannun. Ta juyo gare ni, karo na farko da ta kalle ni ido cikin ido ban san tun yaushe ba. Na ce, "Na yi ƙarya, Gwaggo. Ki yafe mini ƙaryar. Amma kai shi da na yi, ko gobe zan sake."

Baba ya ce in yi shiru in zauna. Ya ce Dalhatu ma ya shigo ya zauna.

Ya ce ranar da likita ta rufe ƙofa da shi, ba maganar kansa ya tsaya yi ba, wannan minti biyar ta ɗauka. Maganar Uwaliya ya yi mata. Ya ba ta labari tun daga farko, yadda ta daina ci, yadda ta fara ruɗewa tun kafin a kira mai kemis. Likita ta ce ba ta gan ta ba, ba za ta iya cewa ga ciwon da ya ɗauke ta ba. Amma ta ce shawara alama ce, cututtuka da yawa ke kawo ta, kuma mai shawarar da ya kai ga ruɗewa hantarsa ta riga ta gaza. Mutane ba sa neman allura sai ciwo ya ci ƙarfin mutum, in ya tafi sai a ce allura ce.

"Na so in gaya miki a ranar," ya ce da ni. "Na kasa kallonki. Shekara goma sha biyar ina gani ana yin shiru in kin shigo, ni ma ina yin shirun. Sai na ce bari in ga kwana ukun nan tukuna. In na wuce su, in faɗa da bakina a gaban Yaya. In ban wuce ba, na bar wa likita saƙo ta gaya miki."

Ya juya ga Gwaggo. "Yaya, yarinyar nan ba ta kashe uwarta ba. Ita kaɗai ce ta tashi ta nemo mata taimako, mu muna can."

Akuyar maƙwabta tana ta kuka a waje. Gwaggo ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Ta daɗe a haka. Ni ban yi kuka ba, na riga na yi nawa a Kano.

Da ta sauke mayafin ba ta ce komai a kan maganar ba. Ta share hanci ta dubi tukunyar jiƙon da ke gefen murhu, har yanzu a cike.

Ta ce, "'Yar Uwaliya, tashi ki zubar da wancan, ki ɗora mana ruwa. Dalhatu, je ka kawo wa ubanka nama."

Na tashi na zubar.